Takabar Inna a ƙarƙashin bash

Ni na kawo shawarar gyaran ɗakin Inna, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ɗakin ƙasa ne a gidanmu na Tawa, azararsa ta tsufa, kowace damina sai an jera kwanoni ana tarar ruwa. Na ce a yaye rufin, a ƙara tsawon bango, a haɗa mata da ɗan falo, a rufe da tol, wato kwanon rufi. Baba ya yi dariya ya ce ashe malamin lakwal, mai koyar da boko, ya fara hankali.

Aiki ya tafi yadda nake so. Magina suka tashi bango, kafinta ya hau ya jera katako, ya ɗaure shi da ƙarfe. Kullum na taso daga aiki sai na tsaya tsakar gida ina kallon katakon nan yana ƙaruwa, ina jin kaina wani babban mutum. Tol ɗin ma na jingine a zaure. Kwana biyu kawai ya rage a buga shi, Baba ya faɗi a hanyar masallaci, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar bakwai na aika a kira kafinta. Ƙanen Baba, wanda ya zo daga Barmu zaman makoki, ya tare ni a ƙofar zaure.

"Kai, mi kake shirin yi? Ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba, za ka cika unguwa da ƙarar guduma? Mutane su ce daɗi kuka ji? Kuma gidan ga yanzu gado ne. Ba a taɓa ƙusa guda sai an raba."

Na ce, "Baffa, ruwa na bisa hanya, kuma Inna cikin ɗakin za ta yi takaba."

"Ku ja mata bash, tamfol dai, bisa katakon. Haƙuri aka yi."

Ya faɗi haka ya hau mota ya koma Barmu, ɗakinsa da rufi lafiya lau. Ni kuwa na bi maganarsa. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Ba wani malami na tambaya ba, ban ko tambayi Inna ba. Tsoron bakin mutane ne ya kama ni, mutanen da ko ɗayansu bai zo ya riƙe mana igiyar bash ba ranar da iska ta taso.

Wata huɗu da kwana goma Inna ta zauna a ɗakin nan, don ta ce a nan mijinta ya bar ta. Bash ya yi ciki da ruwa, mu tokare shi da tabarya, ya zubo ta gefe ya jiƙa tabarma. Katakon da nake alfahari da shi ya yi baƙi, ya fara lanƙwashewa. Tari ya kama ta. Masu gaisuwa su shigo, su ɗaga kai su kalli sama, su ce Allah ya ba da haƙuri, su fita. 

Ranar da ta fita takaba na kawo kafinta tun da safe. Na iske ta ta yi wanka, ta ɗaure kayanta a zane, ƙanwata da ke aure a Kalfu tana tsaye da mai mota.

Na ce, "Inna, jibi war haka an gama rufin."

Ta dube ni ta ce, "Don ubanka na zamna, kuma na gama. Ka ruhe abinka, ka sa wanda kake so."

Ta shiga mota suka tafi Kalfu. An buga tol ɗin cikin yini biyu. Shekara shida ke nan, in ta zo Tawa ganin likita, gidan wata ƙanwarta da ke cikin gari take kwana.