Faifan da Na Karya da Hannuna

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin buga takardu a wani ofis a Gusau. Kwamfuta ɗaya muke da ita, kuma ni kaɗai aka yarda in taɓa ta, don haka kaina ya yi girma. Ogana ya kafa doka: duk faifan da ya shigo da bairos, wato cutar kwamfuta, a karya shi nan take. Na karya faya-fayan fulofi na mutane da yawa, ko gezau.

Yayana ya yi shekaru yana tuƙi a Jidda, can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta ga gawarsa ba. Bayan wata huɗu abokinsa ya aiko da faifan sidi ta hannun wani alhajin Bunguɗu, da saƙon cewa a ciki akwai bidiyon Yaya ranar Sallah, yana gaishe da Inna. A gidanmu na Tsafe ba mu da abin kunna shi. Na bugi ƙirji na ce ta zo ofis, ai 'yarta ce mai kwamfuta.

Ta taho da safe a motar haya, ta saka zanen da take zuwa suna da shi. Na zaunar da ita, na saka faifan, na latsa manhajar da ke kunna bidiyo. Sai ƙara ta tashi, jan rubutu ya cika allon. Antibairos, mai gadin kwamfutar, ya ce ya kama bairos.

Duk takardun ofis suna cikin kwamfutar nan, kuma ban nemi izinin Oga ba. Na sake latsawa, ja ya sake fitowa. Na zaro faifan.

"Mi ya faru, ɗiyata?" Inna ta tambaya.

Na ce, "Inna, cuta ce a jikinsa. Zai iya lalata kayan mutane."

Ta kalli faifan. Sannan ta ce, "To, ko akuya ta kamu, fidda ta akai daga garke. Kak ki ci amanar mutane don ni. Yi abin da aka ce ki yi."

Da ma na saka shi a jaka na kai gida, wa zai hana ni? Amma tsoro ya rufe mini ido, doka kawai nake tunawa. Na lanƙwasa shi ya ɓalle gida biyu. Inna ta karɓi ɓaraguzan, ta ƙulle a bakin mayafinta, na raka ta tasha.

Bayan mako ɗaya injiniyan da ke duba mana kwamfuta ya zo. Na ba shi labari har da ɗan alfahari, na ce na ceci ofis. Ya latsa manhajar bidiyon, babu faifai ko ɗaya a ciki, sai ga jan rubutun nan.

Ya ce, "Malama, ai ba faifan yake zargi ba. Manhajar bidiyon yake zargi, ita ma lafiyarta ƙalau. Kuskure yake yi, ya yi wa ofisoshi da dama haka."

Ya gyara wani abu, ya saka nasa faifan, hoto ya fito tar.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na zauna a ƙasa, a gaban baƙo. Sunan manhajar yana nan cikin jan rubutun tun ranar farko. Ni da nake taƙama da boko ban tsaya na karanta ba.

Na aika wa abokin Yaya wasiƙa. Amsa ta zo bayan watanni: ya riga ya naɗi wani abu a kan kaset ɗin asali da ya kwafo bidiyon daga ciki.

Ban taɓa faɗa wa Inna ba. Har ta koma ga Allah, in na je Tsafe takan gaya wa maƙwabta cewa 'yarta mai amana ce, ko hoton ɗan'uwanta ba ta ƙyale ba. Sai ta juyo ta ce, "Gara da kinka karya shi, ko?"

Ni kuma in ce, "Haka ne, Inna."