Ranar da Baba Ya Ce Idonsa Ne

Ina koyarwa a Birnin Kudu aka sa ni cikin kwamitin da zai rubuta wa manoma ɗan littafi kan yadda ake ajiye wake kada ƙwari su cinye shi. Wasu suka dage sai dai a yi shi da Turanci, wai ya fi kwarjini. Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na buga tebur na ce, "Haba jama'a! Wa zai karanta, manomin ko ku?" Aka yarda da Hausa.

Sai wani dattijo daga Gwaram ya ce, "Malama, to da ajami fa? Mutanenmu shi suka iya." Wallahi har yau ina jin kunyar amsar da na ba shi. Na ce kada ya mayar da mu baya. Aka buga da boko kawai.

Mahaifina malamin allo ne a Yalwan Damai. Tun ina yarinya, duk wasiƙar da ta shigo garin a zaurensa ake buɗe ta, shi yake karantawa, shi yake rubuta amsa. Na kai masa littafin bayan la'asar ina ta rawar kai, zauren cike da maƙwabta. Na durƙusa na miƙa.

Wani maƙwabcinmu ya ce, "Malam, karanta mana mu ji aikin 'yarmu."

Baba ya buɗe shi ta dama, yadda ya saba da ajami. Ya juya shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yau idona ba ya gani sosai."

Lafiyar idonsa ƙalau. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ni na sa shi ya yi ta a gaban mutanensa. Na rasa inda zan sa kaina.

Da aka watse na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya jawo tawada da alƙalami da farar takarda, ya gyara zama.

Ya ce, "Karanta mini a hankali, in rubuta musu da namu. Waken mutane ba zai jira ba."

Na shiga karantawa. Shafi goma sha biyu, yana rubutawa ba tare da ya ɗago ya dube ni ba, kuma ko sau ɗaya bai murza idonsa ba.