Kullutun da Inna ta gasa

Yayana ya kamu da ciwon taɓin hankali a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, ina budurwa a gidanmu na Dutsi. In ciwon ya motsa sai maza su taru su sa masa mari, a ɗaure shi a turken tsakar gida. Har yau ba na son ƙarar ƙarfe a kan ƙasa.

A asibitin Daura an ba shi ƙwayoyi kala uku. In yana sha, lafiya lau. Amma mutumin da ke kai awaki kasuwar Mai'adua, ya kwana can, ina zai tuna da wata ƙwaya? Sai likita ta ce a koma allura, wadda ke zama cikin tsoka tana sakin magani kaɗan-kaɗan har wata ya zagayo.

Da muka dawo gida, Inna ta shafa wurin ta ji kullutu. Mu kuwa a gidanmu ba a barin wurin allura haka. Ruwan zafi za a dafa, a tsoma tsumma a gasa, a murza da man shanu har ya baje, don kada ya zama ƙurji. Haka aka yi mata, haka ta yi wa kowannenmu. Ta zaunar da ƙaton namiji tana murza shi safe da yamma, yana cewa, "Inna, a hankali mana," tana cewa ya rufe mata baki.

Kwanakin farko barci ya yi ta yi, yawu na zuba. Kafin wata ya cika kuma ya fara magana shi kaɗai a bakin rijiya. Na ga kawunmu ya shiga ɗaki ya fito da marin.

Inna ta hana, muka koma Daura. Likita ta yi ta tambaya, Inna kuwa da alfaharinta ta ce ai ta gasa wurin sosai, ko alama bai rage ba. Sai likitar ta ce, "Inna, kullutun nan shi ne rumbun maganin. Kin buɗe shi gaba ɗaya."

Wallahi tausayin Inna ya fi ƙarfina. Matar da duk jinyarta da hannu take yi, aka ce taimakon da za ta yi wa ɗanta shi ne ta cire hannu. Bayan allura ta biyu na sha ganinta ta ɗora ruwa a murhu, ta tuna, ta juye shi a buta. Iyakarta ta taɓa wurin da ɗan yatsa ta ce, "Yana nan."

Yanzu ina jin ana ƙoƙarin haɗa magunguna da yawa a allura guda, kowanne ya fita a lokacinsa. Allah ya sa su dace, amma su riƙa gaya wa iyaye mata kada a gasa.

Damina biyu Yaya ya yi lafiya kafin Inna ta yarda ba za a ƙara ɗaure shi ba. Ta naɗe marin a zane ta kai wa maƙeri da kanta. Da fartanyar da aka ƙera da shi Yaya ya yi ta noman gero har ta cinye.