Ranar da Malam Sabi'u ya kusa soya min kurungu

Ina buɗe ƙofar gida na ji ƙamshin albasa a mai. Na leƙa falo, sai ga Malam Sabi'u, sabon abokin zamana a nan unguwar Hayyin Ashir, ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu cikin akwatin gilashin da nake kiwon kifi.

Kurungu ɗaya tal gare ni a ciki, mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Irin nasu in sun ga dama a rigingine suke iyo, ciki a sama. Sabi'u bai san wannan ba.

Na ce, "Malam, me kake nema a nan?"

Ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, kifinka rai ya yi halinsa. Amma mushen ruwa halal ne, babu saɓani a kai. Barinsa ya ruɓe kuma almubazzaranci ne."

Wato ko ta'aziyya bai gama yi min ba, har ya daka yaji.

Kafin in buɗe baki, mamacin ya juyo ya kafa masa ƙaya a babban yatsa. Ihun da Malam ya yi sai da mai gadin benenmu ya hawo yana tambayar ko gobara ce.

Yanzu kurungu na can ƙasan gilashi yana kaɗa gashin baki, Sabi'u kuma na binciken ko ana bin kifi diyyar yatsa. Albasar da burodi muka cinye ta.

Tun ranar ban ƙara barci a rigingine a gidan nan ba. Masu abokin zama mai saurin fatawa, ku yaya kuke kwanciya?