Ranar da Inna Ta Kira Ɗan Farinta

Albasa Inna take sayarwa a bakin tashar Madawa, a gindin iccen bedi, wurin da sarkin kasuwa ya ba yayana. Shi yayan nawa ya tafi cin rani kudu a shekarar fari, sai labarin rasuwarsa muka ji, ba gawa ba kabari. Inna ta ci gaba da zama a wurin, da shi muke ci.

Wani mai shayi ya ce wurin nasa ne. Gardi, ɗan dokan gwamnati, ya kwashe buhunanmu, aka kai magana gidan shari'a. Na raka ta da goyo a bayana, raina a ɓace.

Ɗakin da sanyi kamar cikin rijiya. Alƙalin, wani baƙon saurayi, ya tambaye ta ta bakin tafinta: wa aka ba wurin?

"Yaron ga nawa," in ji Inna.

"Sunanshi?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, kowa a ƙasarmu ta Adar ya san wannan kunyar. Na buɗe baki zan faɗa, alƙali ya buga tebur: shaidar uwa yake so. Ya ce shirun nan raina kotu ne, ko ta faɗa, ko ta kwana a gidan kaso, wurin kuma ya tafi.

Wallahi na tsani mutumin nan a ranar.

Inna ta ɗaga kai ta kira sunan, da ƙarfi, har da jan ƙarshensa, yadda ake kiran yaro daga gona.

Daga bayan taga wani ya ce, "Na'am, Inna."

Alƙalamin tafinta ya faɗi. Gardi ya leƙa, babu kowa sai akuya a rana. Masu sunan suna da yawa a garin, haka nake gaya wa kaina har yau, amma na san muryar.

Aka mayar mata da wurinta. A hanya na ce gobe sai mu kai buhuna tasha. Ba ta dube ni ba, baya take ta waiwaye.

"Rage sauri," ta ce. "Daga nesa ya taho, ya gaji."