Hantar da Inna ta gasa

Shekarun baya, lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba, ni ma ina sabon ma'aikaci a gidan rediyo, na yi wa yayana wata ɓarna wadda sau ɗaya tak ya taɓa yi mini maganarta.

Yayana masanin sinadaran jiki ne. Rayuwarsa duka ya ba wa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ake kira maitokondiriya. Da na ce ya faɗa mini da Hausar da mai sauraro zai gane, sai ya ce in ɗauke su kamar murhu: abinci shi ne itace, numfashi shi ne iska, su kuma nan ake hura wutar da ke ba jiki ƙarfi. Abin da yake son sani shi ne yadda murhun tumakinmu ke ci gaba da ci da rani, lokacin da daji ba shi da komai sai kara da ƙaiƙayi. Ya sayi raguna wurin wani makiyayi a Zurmi, yana ciyar da su bisa awo, yana duba hantarsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama da sauran, saura guda, wanda ya fi daɗewa a kan abincin rani, kuma in babu shi aikin bai cika ba. Wani ɗakin bincike a ƙasar waje ya yi masa alkawarin gurbin aiki, muddin ya kammala kafin damina.

Wannan ragon a gidanmu na Shinkafi yake, a hannun mahaifiyata. Yayana ɗan fari ne, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta same ta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Sunansa a bakinta "wancan". Ko yana zaune a tsakar gida, ni za ta kalla ta ce in tambayi wancan ko ya ci abinci. Ni ne tashar da ke tsakaninsu.

Wata shida tana auna wa ragon harawa da dusa a kan sikelin da ya kawo. Takan ce ita dai ba ta taɓa ganin rago mai littafi ba sai a gidanta. Amma ba ta taɓa ƙara masa ko tafin hannu ba, ko ranar da ya yi ta kuka tausayinsa ya kama ta. Da lokaci ya yi, ta aiko ni da sharaɗi: dabbar da ta ciyar ba za a yanka ta a banza ba, sai dai ta zama ta layya. Kawunmu, wanda ke yi mana yanka tun rasuwar mahaifinmu, ya zo ya shafa bayan ragon, ya ce ba shi da ƙiba amma bai rame ba, ya halatta. Yayana ya yarda, tunda ɗan yankin hanta kawai yake buƙata.

Sai dai yankin nan yana da ƙa'ida. Ɗanye ake so, a sa shi cikin ƙanƙara nan take, a kai shi Kaura Namoda cikin hanzari, inda aka ara masa ɗakin gwaji. Zafi kaɗan ya taɓa shi, murhun ya mutu. Sau uku ya maimaita mini, ya ce in yi wa Inna bayani. Abin da na faɗa mata shi ne wancan yana son yankin hanta zai tafi da shi Kaura. A rediyo an koya mana taƙaita labari. Na taƙaita har na zubar da labarin.

Babbar Sallar farko ce bayan fara aiki da Shari'a, ofis kuma ya ce kowa ya dawo da muryoyin mutanen garinsu. Ƙanƙarar da yayana ya taho da ita daga Kaura ranar jajibere ta wayi gari ruwa. Ana saukowa daga idi ya ari babur ya shiga gari nema, ya ce mini kada in bari a yanka sai ya dawo. Na ce to. Sai na hango dattawa sun taru a gindin wata bishiyar bedi suna hirar sabon zamani, na ɗauki rakoda na ce minti goma. Wani tsoho ya buɗe baki, Hausarsa kamar a tsoma a sha. Na fi awa guda ina gyaɗa kai.

A gida kuwa, kawu ya ce liman ya yanka, me ake jira? Ga shi Inna ba ta cin komai ranar layya sai ta fara da hantar ragonta, tun asuba ruwa ma ba ta sha ba. Aka yanka.

Kusan tare muka shiga da yayana, ni da rakoda a jaka, shi da ƙanƙara a buhu. Ƙamshi ne ya fara tarar mu a zaure. Inna tana bakin murhu, ga wani ɗan kwano rufe a gefenta. Ta tura shi gabana, ba ta ɗaga kai ba.

"Ka ce ma wancan ga tashi nan," in ji ta. "Na ga ƙuda na binta. Ɗanyar hanta ba ta kai Kaura cikin wanga zafi. Na sa mata gishiri da ɗan yaji, ko kwana biyu ta yi ba abin da ka samun ta."

Wurin da ya fi kyau ta yankar masa. Tata hantar kuwa tana nan ɗanya a faranti, ba ta ɗora ba sai da ta gama da tasa.

Yayana yana tsaye, buhun yana ɗiga a kan takalminsa na Sallah. Wata shida, da gurbin nan, duk suna cikin kwanon. Na buɗe baki zan yi bayanin da ya kamata in yi tun mako guda, sai ya taka mini ƙafa. Ya ajiye buhun, ya zauna a tabarma, ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya yi bisimilla. A hankali ya ci, bai bar ko yanki ba.

"Ka gaya wa Inna ta yi daidai," ya ce da ni. "Gishirin ma daidai."

Ta juya baya tana gyara itace. "Wa ya tambaye shi?"

Ƙanƙarar a zoɓo ta ƙare. Maƙwabta suka yi ta yaba mana, wai gidanmu an waye.

Washegari a motar Kaura na fara ba shi haƙuri da jimloli masu tsari, irin na mai karanta labarai. Ya bari na gama, sannan ya ce ya taɓa jin ɗan jaridar da bai iya kai labari birni ba, amma wanda bai iya kai shi ɗakin uwarsa ba, a kaina ya fara gani. Daga nan bai ƙara ba. Sai dai ya gargaɗe ni, in Inna ta ji, babu ni babu shi.

Gurbin ya wuce shi. Ya koma Zurmi ya sayi wani ragon ya kai wa Inna, aka sake daga farko. Duk bayan mako biyu yana Shinkafi da sikeli da littafi. Ni aiki ya riƙe ni a Gusau, saboda haka ba su da tasha. Daga baya ya ba ni labarin yadda suka yi: ta bakin ragon suke hira. Ita ta ce wa rago mai shi ya rame, ba ya cin abinci. Shi ya ce wa rago ai tuwon makaranta ba kamar na gida ba ne. Haka suke zama tun la'asar har kiran magariba, ita a bakin murhu, shi a gindin turke. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa yin hira da ita kamar ta wannan shekara ba.

Aikin ya kammala. Inna ta rasu da kakar da ta biyo baya, ba ta san abin da ta gasa ba. Shi kuma wani gurbin ya samu, ya tafi, har yau yana can. Ya yi furfura a kan murhun nan nasa, ɗalibansa ma sun yi ɗalibai. Wata rana muna waya ya ce mini, kamar abin da bai dame shi ba, maitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonta, uba ba ya ba da ko guda.

Na daɗe ina ɗaukar wannan labari a matsayin darasin aiki, kuma darasi ne: tun daga ranar, kafin in yanke jimla daga labari sai na tambayi kaina wa zai yi aiki da abin da ya rage. Amma yanzu da na manyanta, ba darasin nake tunawa ba. Tsakar gidan nake tunawa, da hayaƙin, da mutum biyu da ke son juna ba su da hanyar faɗa sai ta bakina.

Ashe ranar layyar nan ban kashe rakodar ba. Bayan hirar dattawan akwai ƙarar zaure, da tafiya, sannan muryarta, can nesa-nesa ta cikin jaka. Shekaru da yawa ban gaya masa ba. Da layyar bara na kira shi, na kanga waya a jikin lasifika, na kunna. Ya saurara har ƙarshe. Can ya ce in mayar baya kaɗan. Na tambaye shi zuwa ina, ko wurin da take bayanin gishiri.

"A'a," ya ce. "Inda ta ce wa ya tambaye ni."