Kogin Ya Iso Inda Baba Yake Kwance

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, kuma sai bana na gane ban taɓa sanin inda kabarinsa yake ba. Na san dai yana cikin tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu, a ƙasar Miga, can gefen kogi. Ranar da aka ɗauke shi, mu mata a soro muka tsaya, kamar yadda aka saba. Da maza suka dawo, ƙanensa Baffa Sule ya ce min, "Kusa da giginya muka sa shi, akwai inuwa." Wannan maganar na riƙe duk tsawon shekarun nan, kuma ta ishe ni.

Baba manomin fadama ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar farin yashi shimfiɗe, nakan bi shi in zauna a kan gaɓa yana jan jigo, ruwa yana bin kwami yana shiga tumatir da albasa. A ƙasa mata suna tonon yashi da ƙwarya har ruwa ya ɓullo, sanyi kamar na randa. Fulani suna jira a gefe da shanunsu. Ni kuwa gani nake kogin barci kawai yake yi a ƙarƙashin ƙafafunmu.

A daidai garinmu kogin yana yin kwana, kuma mu ne a bayan kwanar. Kowace damina sai ya gutsiri gaɓarmu, ya kai ƙasar ya zube a tsallake. Haka gonar Baba ta yi ta raguwa, ta Malam Idi da ke wancan ɓangaren tana ƙara faɗi. Ban taɓa ganin abin ya ɓata masa rai ba. Sai ya tsaya a bakin gaɓa ya ɗaga murya.

"Idi! Yaya gonata ta kwana?"

"Lafiya lau! Ta ce in gaya maka nan ta fi samun kulawa!"

"To ka ce mata ina nan, duk ranar da ta gaji da kai ta dawo!"

Su yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa.

Yau ina koyarwa a Dutse, garin duwatsu da dabino, inda ba na jin ƙarar ruwa sai a famfo. Idan na ga tifa ta wuce da yashi yana ɗiga, nakan ce ko daga wajenmu aka ɗebo shi, ko ɗakin da nake haya ma da ƙasar koginmu aka buga bulonsa. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yadda aka zurfafa kogin da shebur, jigo ya ɓace, injin ban ruwa yana kuka tun safe. Ina jin injin zai burge shi, don kafaɗarsa ta sha wuya. Ramukan yashin ne ban san yadda zai kalle su ba.

A daminar bana yayana Habu ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce ruwa ya ci gefen maƙabarta, giginyar ma ta faɗa ciki. Na nemi izini a makaranta, na hau mota zuwa Jahun, daga nan babur ya ƙarasa da ni cikin taɓo.

Kafin in isa, mazan gari sun kwashe abin da ruwa ya tone, sun lulluɓe, sun kai sabon wuri a kan tudu sun binne. Wasu kaburburan sun tafi da ruwa tun kafin a ankara. Wasu suna nan daram. Kaburburanmu ba a rubuta suna a kansu, fasasshiyar tukunya ce kawai da ɗan icce, kuma damuna tara sun shafe waɗannan.

Na sami Baffa Sule a kan tabarma a ƙofar gida. Idonsa ya yi rauni sosai. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na tambaya.

"Baffa, na Baba yana cikin waɗanne?"

Ya ce, "Sun kai ni wajen, 'yata. Na tsaya, na juya gabas, na juya yamma. Da giginyar nake gane wurin. Ba zan yi miki ƙarya ba don ki ji sanyi. Ban sani ba."

Na shiga gida ina kuka. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni da na zauna da shi shekara da shekaru ban taɓa ganin kabarin ba. Da can ma ba ƙasar nake yi wa addu'a ba. Zo ki kama min rariyar nan."

Na kama. Amma ni ban kai Inna ƙarfin zuciya ba. Na so a ce akwai wuri guda a duniya da zan nuna wa 'ya'yana wata rana, ko daga nesa, in ce can kakanku yake. Wannan kam na rasa shi, kuma babu mai dawo min da shi.

Da na zauna ina lissafa abin da ya rage na Baba, ban sami mai yawa da za a taɓa da hannu ba. Gonar saura 'yan kwamai. Akwai dai muryarsa a bakin Habu idan yana waya, da yadda babu wanda ya taɓa jin gidanmu ya kai ƙarar maƙwabci a kan iyaka, da mutanen da har yau idan na faɗi sunansa sai su gyara zama.

Ranar da zan koma Dutse, na ce wa mai babur ya bi a hankali. Na yi wa Baba addu'a daidai tsohuwar maƙabarta. Na sake yi a gindin tudu. Da muka zo bakin kogi na ce ya tsaya. Ruwan ja ne, yana tafiya a natse, ɗauke da karan dawa. A nan na fi daɗewa. Allah Ya jiƙanka, Baba, a duk inda kake cikinsu.